Kula da Kayan Ikkilisiya: Yadda Ake Daidaita Wuyan Jitar Bes



A wata ziyara da muka kai wani ƙauye kusa da Argungu, mun tarar da jitar bes ta ikkilisiya jingine a bayan majami'a, ƙura ta rufe ta. Zumuntar mata da matasa ne suka tara shinkafa bayan girbi, aka sayar aka sayo ta. Da ta fara ƙugi kamar ƙudan zuma, sai wani matashi mai kyakkyawar niyya ya yi ta murɗa notin wuyanta har ƙarfen ciki ya karye. Gyaran 'yan mintoci ya zama asarar gumin jama'a. Shi ya sa muka kawo wannan bayani domin makaɗanmu da dattawa.

Me ya sa wuya ke lanƙwasa?

Tsirkiyoyin bes guda huɗu suna jan wuyanta dare da rana da ƙarfin da ya fi nauyin buhun shinkafa mai kilo 50. Don kada katakon ya tanƙware kamar baka, an sa doguwar sandar ƙarfe a cikinsa tana riƙe shi. Notin wannan sandar yana wajen kan jitar, a wasu kuma yana gindin wuya.

Katako yana kumbura da laima, yana motsewa idan iska ta bushe. A nan Kebbi, jitar da ke daidai a daminar Agusta tana iya sauyawa kafin Kirsimeti, lokacin da hunturu ya kankama. Wannan ba lalacewa ba ne, saiti take bukata.

A sani kuma, wuya mai lafiya ba miƙaƙƙe ne sambal ba. Yana bukatar ɗan kwari kaɗan a tsakiya, domin tsirkiya ta sami wurin kaɗawa ba tare da ta taɓa ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuya ba, waɗanda makaɗa ke kira firet. Idan kwarin ya yi kaɗan, za a ji ƙugi a firet na farko zuwa na biyar. Idan ya yi yawa, tsirkiyoyi za su yi nisa da katako, yatsu su gaji tun ba a gama waƙa ta biyu ba.

Yadda ake aunawa

1. A saita muryar jitar yadda aka saba, a riƙe ta kamar za a kaɗa.
2. Wani ya danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko, kai kuma ka danne ta a na ƙarshe.
3. A duba tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da saman firet na 8.
4. Abin da ake so shi ne kimanin milimita 0.3, wato kusan ma'aunin da kamfanin Fender na Amurka ke ba da shawara a kan bes ɗinsa. Makanikai suna da siraran ƙarafan da suke auna bakin fulogi da su, ana iya ara. In babu, falle uku na farar takardar fotokwafi sun kai haka. Idan katin ATM ya shige tsakani, kwarin ya yi yawa. Idan tsirkiya ta kwanta a kan firet, babu kwari ko kaɗan.

Yadda ake gyarawa

1. A nemi makullin alan da ya shiga notin cif. Wanda ke rawa a ciki zai cinye notin.
2. Idan kwari ya yi yawa, a ɗan sassauta tsirkiyoyi, a fuskanci notin, a murɗa shi yadda hannun agogo ke tafiya. Wannan yana miƙar da wuya.
3. Idan kwari ya yi kaɗan, a murɗa ta ɗaya hannun.
4. Kada a wuce kwatan zagaye a lokaci guda. A sake saita murya, a ba katako lokaci ya zauna, ko da zuwa washegari ne, sannan a sake aunawa.
5. Idan noti ya cije, a tsaya nan take, a kai wa wanda ya ƙware. Ƙarfi ba ya gyara jita.

Sai wuya ya daidaita sannan ake taɓa ƙananan kusoshin da ke ɗaga tsirkiyoyi a gindin jitar.

Shawara ga dattawa

A ba mutum ɗaya amanar makullin, a rubuta ranar gyara da yawan murɗawar da aka yi a littafin kayan ikkilisiya. A auna sau biyu a shekara: idan damina ta zauna, da farkon hunturu, ba ranar jajiberin biki ba. A ajiye jitar cikin jakarta, nesa da rana da zafin kwanon rufi.

'Yan'uwa, kayan kiɗan nan baikon talakawa ne. Kula da su ma hidima ce ga Ubangiji. Allah ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.