Masu Koyon Saƙar Faifai a Bayan Maiyama

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan ɗaki a kasuwar Jega zai ga roba ta cinye wuri, daga faranti har tabarma. Amma a gefe akwai faya-fayai sababbi ƙal, ja da kore da ruwan ɗorawa, kuma wasunsu da gani ka san aikin ɗan koyo ne, naɗin bakin ya yi sako-sako. Wa ke koya wa yara saƙar faifai a wannan zamani? Tambayar da ta sa na bi titin da ya nufi Koko da Yawuri ke nan, na sauka a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Maiyama.

Jega ba baƙuwar sana'a ba ce. Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ta da jama'arsa Gimbanawa a farkon ƙarni na 19, kasuwarta ta zama mahaɗar fatake, har da masu bin hanyar Gwanja neman goro. Abin da ƙauyukan kewaye suka saƙa ko suka rina nan yake zuwa. Sai dai hannun da ke aikin a gida yake koyo, domin sana'a a ƙasar nan gado ce. Aliero ta isa shaida. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tana garin tun 2006, amma ɗorin karayar da ake zuwa nema daga nesa a gidajen maɗora ake tashi da shi, ɗa na riƙe wa uba ƙafar majinyaci har hannunsa ya waye.

A ƙauyen da na sauka, mai gari ya ba ni ruwa, ya haɗa ni da yaro, aka yi mini iso wurin wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna. Na same ta da 'yan mata da matan aure zagaye da ita a kan tabarma, ga kaba a jiƙe cikin kwano.

"Ɗana, ni ba da baki anka koya min ba," in ji ta. "Uwata na saƙa, ina gefenta. In na kuskure ta buge min hannu, ta warware aikin. Haka munka iske."

Amma ita ba haka take koyarwa ba. Wata ƙungiya ce ta tara masu sana'ar hannu a Jega, masu saƙa da masu ɗinkin hula da masu zanen ƙwarya, aka yi musu bita ta 'yan kwanaki, da sharaɗin kowa ya koma garinsu ya koya wa wasu. Inna ta tafi da zaton za a nuna mata sabuwar saƙa. Da ta ga malaman yara ne waɗanda ko tsaga kaba ba su iya ba, dariya ta kama ta. Ashe ba saƙa suka zo koyarwa ba, koyarwar ce suka zo koyarwa: a ɗora aiki a hannun mai koyo tun ranar farko, a rarraba shi gaɓa-gaɓa, a faɗi dalilin kowane mataki, kuma a daina duka.

Na ga amfanin haka da idona. Wata yarinya tana fama da tsakiyar faifai, inda ake fara naɗe ciyawa da kaba, wurin da ya fi ko'ina wuya. Inna ba ta karɓe ba. Ta ce mata ta ƙara jiƙa kabar, ta rage kaurin ciyawar, ta soka basilla kusa da ɗinkin baya. Ɗalibai kashi-kashi suke, masu tsaga daban, masu dafa galura daban, waɗanda hannunsu ya faɗa kuma su ke fitar da ado.

Darasin bitar da ya fi tsaya wa Inna a rai shi ne lissafi. An sa kowa ya haɗa kuɗin kaba da galura da itacen dafa ta da kuɗin mota zuwa kasuwa, sannan ya ƙirga kwanakin da aikin ke ci. Da aka cire, sai ta ga shekara da shekaru kayan kawai ake biyanta, wahalar hannunta kyauta take bayarwa. "Wallahi ranar nan ban yi kwana ba," ta ce, tana dariyar da ba ta daɗi ba.

Ba kowa ya so buɗe gidan ga 'yan koyo ba. Yayanta ya ce za ta watsar da gadon gidansu a titi, gobe 'ya'yan maƙwabta su karya mata farashi a Jega. Ta amsa masa cewa ɗiyanta duk sun yi aure, babu wadda ta riƙe basilla, to wa ake ajiye wa gadon? Duk da haka akwai wani ado guda da ta gada wurin kakarta wanda ba ta nuna wa kowa ba, tana jiran jikarta ta girma. Ban ga laifinta ba. Masu shirya irin wannan bita kan ɗauka ilimi abu ne da ake rabawa kawai, su manta cewa ga talaka shi ne jari.

Da na tambayi abin da ya fi damunsu, wata matar aure ce ta riga Inna magana. Kaba. Da a bayan gari ake yanko ta, yanzu gonaki sun cinye dajin, sai an saya wurin masu kawowa a babur daga nesa, kuma kullum tsada take ƙarawa. An sallami su Inna daga bita da takardar shaida da kuɗin mota, takarda kuwa ba ta saƙuwa. Inna ce ke sayen kabar koyo daga aljihunta, wadda 'yan koyo suka lalata kuma asararta ce.

Sai kuma rani. Da an fara cire albasa a fadamun Aliero da kewaye, tabarmar Inna takan koma rabi, domin yankan ganye da tsince albasa kuɗinsu a hannu ne kafin magariba, faifai kuwa sai an yi kwanaki ana saƙa, a jira ranar kasuwa. Ba ta hana kowa tafiya. Wasu sukan dawo, wasu aure ke ɗauke su. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara da ita tana aure a wani ƙauyen Aliero, ta tara nata 'yan koyo, ƙanenta na ɗaukar hoton kayan a waya yana turawa masu haɗa kayan amarya a Birnin Kebbi.

Da zan tashi, Inna ta ba ni saƙo. "In ka ga mutanen nan, ka gaishe su, sun yi ƙoƙari. Ka ce musu in za su sake kira, su kira mu bayan an gama albasa, kuma su zo da mai saye."