Horon Ciki da Yunwa Ba Ya Maganin Ƙiba

A Sabon Birni da Isa, wanda ya ce yana neman rage ƙiba sai a yi masa kallon wanda ƙoshi ya yi wa yawa. Yanki ne da 'yan bindiga suka raba manoma da yawa da gonakinsu, garuruwa suka cika da masu gudun hijira, uwaye na jigilar yara masu tamowa zuwa asibiti. Ga kuma al'ada: mace ta murje a ce maigida ya iya kiwo, namiji ya ajiye tumbi a ce naira ta zauna, wanda ya zabge kuwa a tare shi da "Lafiya dai ko?" Har akwai 'yan matan da ke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi jiki. Duk da haka, a cikin waɗannan garuruwa na ƙasar Gobir akwai ɗan kasuwar da ke wuni zaune a rumfa, da ma'aikacin sakateriya, da Hajiyar da ciwon gwiwa ya mayar da ita salla a kan kujera, waɗanda likita ya ce su rage nauyi saboda hawan jini ko ciwon suga. Da yawansu kan ɗauki hanyar da suke gani ta fi sauri: su daina ci.

Da safe ruwan zafi da lemun tsami, da rana babu komai, da dare 'yar loma biyu. Wasu su ƙara da shayin rage ƙiba ko jiƙon filasko, wanda aikinsa sa gudawa ne kawai. Mako biyu, wando ya fara sako-sako, murna ta samu. Sai wata la'asar jiri ya ɗebi mutum, hannu na karkarwa, zufa na karyowa, gaba na faɗuwa, magana kaɗan ta fusata shi. A aika yaro ya sayo lemon kwalba da burodi, da magariba a share kwanon tuwo har da neman ƙari. Kafin wata shida nauyin ya dawo, wani lokaci har da riba, mutum ya koma zargin kansa da kwaɗayi. Alhali abin da ya faru aikin halitta ne.

Tuwo, fura, shinkafa, rogo da burodi duk narkewa suke su zama sukari a cikin jini, kuma da shi ƙwaƙwalwa ke aiki: takan cinye kimanin giram 120 a wuni. Hanta ce rumbun sukarin, amma ƙaramin rumbu ne, abin da take ajiyewa bai wuce giram 100 ba, ba ya kai mutum fiye da kwana guda. Da ya ƙare, jiki zai fara ƙona kitse, amma zai haɗa da tsoka don ya ƙera sabon sukari. Yawancin nauyin da ke zubewa a makonnin farko ruwa ne, tare da wannan tsoka. Tsoka kuwa tana cikin manyan masu ƙona abinci a jiki, don haka wanda ya rasa ta ya rage wa kansa ƙarfin ƙona abin da zai ci gobe.

Jiki bai san bambancin yunwar ganin dama da yunwar fari ba. Duka biyu barazana yake ɗaukarsu. A 1944 masanin Amurka Ancel Keys ya fara gwaji da maza 36 a Jami'ar Minesota. An ba su kusan rabin abincin da suke bukata na mako 24, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sanyi ya riƙa damunsu, zuciyarsu ta rage gudu, tunaninsu ya koma kan abinci dare da rana. Da aka sakar musu mara, suka ci har kitsen jikinsu ya zarce na da.

Daga baya aka gano masu kai saƙon yunwa da ƙoshi. A 1994 aka gano leftin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1999 masana a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa don tayar da yunwa. Idan mutum ya rame, leftin ya yi ƙasa, girelin ya hau. A 2011 likitoci a Melbon ta Ostireliya suka wallafa binciken da suka fara da mutum 50 da aka ƙuntata wa abinci na mako 10. Sun sauke kimanin kilo 13 kowanne, amma bayan shekara guda sinadarin yunwar bai koma daidai ba, kuma fiye da kilo 5 sun riga sun dawo. Ma'ana, mai rage ƙiba da gaggawa kokawa yake da jikinsa, kuma jikin ba ya gajiya.

Ga mai lafiya, jiri da karkarwa galibi gargaɗi ne, domin hanta ba ta cika barin sukari ya faɗi warwas ba. Haɗarin gaske yana kan mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid, wanda aka fi sani da Daonil. Waɗannan magunguna sauke sukari suke, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, sukari ya faɗi. Ƙasa da 54 kuwa mutum na iya ruɗewa, ya yi surutai, ya yi jijjiga, ya suma. A nan ne ake cewa iska ce ta taɓa shi, a tsaya hayaƙi lokaci na ƙurewa. Wannan bai tsaya kan masu ƙiba ba. Dattijon da aka koro daga ƙauyensu, yana shan ƙwayarsa kullum amma abinci sau ɗaya yake samu, yana cikin haɗari iri ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da maganin kwinin su ma suna kayar da sukari, musamman ga yara da masu juna biyu.

Idan mutum yana cikin hayyacinsa, a dama masa suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko zuma babban cokali ɗaya, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba a maimaita, in ya warware a ba shi abinci mai riƙe ciki. Wanda ya suma ba a yi masa ɗura, don kada ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Mai azumi da ya ga awonsa ya yi ƙasa da 70, ƙa'idar likitoci ita ce ya sha ruwa nan take, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

To, mece ce mafita? Sannu ba ta hana zuwa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan kawai, kuma rabin kilo a mako ya wadatar.

Abincin da ake bukata yana kasuwanninmu. A ci sau uku, kada a tsallake karin kumallo. A rage malmalar tuwo, a yawaita miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa. Wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kifin gulbi da ƙwai suna daɗewa a ciki. Furar gero da nono abinci ce mai kyau, sugan da ake zuba mata ne matsala. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi takwas zuwa tara, shayin mai shayi da madarar gwangwani ma ba baya ba ne. Tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako, ko da zagayen tsakar gida ne inda fita ke da haɗari, ta cika lissafin minti 150.

Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin rage ƙibarsu ba ne. Wanda yake ramewa ba tare da ya rage ci ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ya je a gwada jininsa. Mai ciwon suga kuma, kafin ya rage ko loma ɗaya, ya fara ganin likita ko malamin asibiti don a daidaita masa magani da abin da yake ci, ya riƙa yawo da suga ko dabino a aljihu, ya kuma sanar da iyalinsa alamomin faɗuwar sukari tun kafin ranar ta zo. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir.