Giyar Hawa Ita Ce Giyar Gangara

Da kaka ta yi, a ƙasar duwatsu irin su Bokkos da Mangu muna ganin ƙananan taraktoci suna jan tirela maƙil da buhunan dankali da masara. Abin da ke ba mu tsoro, 'yan'uwa, shi ne yadda samarinmu suke wasa da giya.

Tun daga gindin tudu ake tsayawa a sa ƙaramar giya, wato "lo". Wanda ya bari sai tsakiyar hawa, da ya taka kuloci nauyin kaya zai ja shi baya. In kuma ya saki kulocin da ƙarfi, gaban tarakta na iya ɗagawa ta kife a kansa cikin kamar daƙiƙa 2.

Gangara ta fi haɗari. Giyar da muka hau da ita, da ita za mu sauka, inji ya riƙe nauyin. Masu sa firi wai don tsimin mai, birkin tarakta a tayoyin baya kawai yake, ba zai tare tirela mai nauyi ba. A kulle fedojin birki biyun wuri ɗaya, a ɗaura tirela a ƙarfen ja na ƙasa.