Lauyan da ya koyi gyaran farfela don ya ci shari'a

Idan aka ce lauya, yawancinku za ku tuna mutum mai baƙar riga da farar hular gashi, yana zuba Turanci a gaban alƙali. To, a wannan makon mun kawo muku labarin wani lauya ɗan Amurka, Lee Kreindler, wanda ya shafe shekara hamsin yana tsaya wa iyalan mutanen da suka mutu a hatsarin jirgin sama. Ba da zaƙin baki ya yi suna ba. Aikinsa na farko ma a cikin maiƙo da sifana ya fara shi.

A watan Fabrairun 1952 wani jirgin kamfanin National Airlines ya tashi daga filin jirgin Newark, bai yi nisa ba ya faɗo a garin Elizabeth da ke jihar New Jersey. Shi ne jirgi na uku da ya faɗo a wannan gari cikin wata biyu, har hukuma ta rufe filin jirgin na wani lokaci. Kreindler bai cika shekara 30 ba a lokacin. Ya karanta shari'a a Jami'ar Harvard, kuma ya buɗe ofis tare da mahaifinsa a New York a 1950, amma bai san komai game da injin jirgi ba. Da aka kawo masa ƙarar, sai ya je ya kama aiki a wani wurin gyaran farfelar jirage. A nan ya gane yadda farfela za ta iya juya akalarta jirgi yana sama, ta riƙa tura iska gaba maimakon baya, abin da bai kamata ya faru ba sai jirgi ya sauka yana neman tsayawa. Da wannan sanin ya shiga kotu, ya kuma ci shari'ar.

Me ya sa lauya zai wahalar da kansa haka? Saboda akwai wata katanga da doka ta gina. A 1929 ƙasashen duniya sun sa hannu a Yarjejeniyar Warsaw, lokacin kamfanonin jirage suna rarrafe, ana tsoron kada hatsari ɗaya ya karya su. Sai aka ƙayyade diyyar da za a biya kan fasinjan da ya mutu a tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa. Daga 1966, a kan jiragen da suka taɓa Amurka, iyakar ita ce dala 75,000. Ko mamacin shi ne ke ciyar da gida mai mutum goma, iyakar ke nan. Ƙofa ɗaya ce tak aka bari a jikin katangar: sai in lauya ya tabbatar cewa kamfanin ganganci ya yi, wato ya san ƙa'ida, ya san haɗarin take ta, kuma ya take ta. Kuskure kawai bai isa ba.

Wannan ƙofa ce Kreindler ya bi a babbar shari'ar rayuwarsa.

Ranar 21 ga Disamban 1988 jirgin Pan Am mai lamba 103 ya tashi daga Landan zai tafi New York. Bai yi minti 40 a sama ba bam ya tashi a cikinsa, ya tarwatse a kan garin Lockerbie na ƙasar Sikotland. Mutum 259 da ke cikin jirgin sun mutu, da mutum 11 da ke gidajensu a ƙasa. A cikin fasinjojin akwai ɗalibai 35 na Jami'ar Syracuse, suna komawa gida hutu. Masu bincike sun tsince tarkacen guntu-guntu a gonaki da dazuzzuka, har suka gano cewa an ɓoye bam ɗin a cikin rediyo mai kaset, an sa shi a akwatin kaya.

Ku lura da wahalar da ke gaban lauya a nan. Ba kamfanin ne ya dasa bam ba, kuma lauyoyinsa abin da za su ce ke nan. Kreindler, wanda shi ne jagoran lauyoyin iyalan, bai ɓata lokaci wajen musun wannan ba. Tambaya ɗaya ya riƙe: ta yaya akwatin ya shiga jirgin? Hujjar da ya gabatar ita ce akwatin ya taso ne daga tsibirin Malta, ya bi ta Frankfurt a Jamus, ya iso Landan, kuma babu mai shi a cikin jirgin. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen Amurka a irin waɗannan filaye ta ce a haɗa kowane akwati da fasinjansa, wanda aka samu ba shi da mai shi a buɗe shi a bincika da hannu ko a bar shi a ƙasa. Pan Am kuwa ya bar yin haka, ya koma wuce da kaya ta na'urar haska ciki kawai, don ya fi sauri.

Faɗar wannan a layi uku abu ne mai sauƙi. Tabbatar da shi ya ci fiye da shekara uku: karanta takardun kaya na kwamfuta, bin sawun ma'aikatan lodi da na tsaro a ƙasashe daban-daban, ɗaukar shaidarsu bisa rantsuwa, da hayar masana. Duk kuɗin wannan daga aljihun lauyoyi yake fita. A tsarin Amurka irin wannan lauya ba ya karɓar komai daga iyalan tun farko. In ya ci, ya ɗauki wani kaso na diyyar. In ya faɗi, ya yi asarar kuɗinsa da shekarunsa. Wasu suna zargin masu wannan sana'a da cin abinci da gawa, kuma gaskiya akwai marasa kunya a cikinsu, shi ya sa a 1996 Amurka ta yi dokar hana lauya tunkarar iyalai da tallan kansa a makonnin farko bayan hatsari. Amma ku tambayi kanku, wace bazawara ce za ta iya biyan masanin bama-bamai daga aljihunta?

A watan Yulin 1992, bayan zaman kusan wata uku a kotun tarayya da ke Brooklyn, talakawan da aka zaɓa su taya alƙali yanke hukunci suka ce Pan Am ya yi ganganci. Katangar dala 75,000 ta rushe. Kamfanin kansa ya riga ya durƙushe tun Disamban 1991, saboda haka kamfanonin inshorarsa ne suka biya, bayan sun ɗaukaka ƙara ba su yi nasara ba. Jimillar kuɗin ta haura dala miliyan 500.

Saura waɗanda suka dasa bam ɗin. Da dokar Amurka ta ba da damar kai ƙarar wasu gwamnatoci kan ta'addanci a 1996, lauyoyin suka maka Libiya a kotu. A 2001 alƙalan Sikotland suka samu wani jami'in leƙen asirin Libiya, Abdelbaset al-Megrahi, da laifi, ko da yake shi ya mutu yana musantawa. A watan Agustan 2003 gwamnatin Gaddafi ta yarda za ta biya dala biliyan 2.7, wato miliyan 10 kan kowane mamaci. Lee Kreindler bai ga ranar ba, ya rasu a Fabrairun wannan shekara yana da shekara 78. Ɗansa James, wanda shi ma lauya ne a ofishin, shi ya ƙarasa aikin. Kason ƙarshe na kuɗin bai shiga hannun iyalan ba sai 2008, shekara 20 bayan faɗuwar jirgin. Yaron da aka bari maraya a aji ɗaya na firamare ya isa kammala jami'a.

Dokar da ya daɗe yana yaƙa ma ta canza. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta maye gurbin ta Warsaw. Yanzu akwai adadin da kamfani zai biya ko da laifinsa ko babu, abin da ya haura wannan kuma kamfanin ne zai tabbatar cewa bai yi sakaci ba, ba iyalan mamaci ba. Nijeriya ta shigar da wannan tsari cikin dokarta ta sufurin jirage a 2006, shekarar da jirgin ADC ya faɗi a Abuja da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a ciki, shekara huɗu bayan wanda ya faɗo a unguwar Gwammaja a Kano. Dokar ta tanadi a ba iyalan kowane fasinja da ya mutu aƙalla dala 30,000 cikin kwana 30, kafin a kai ga lissafin sauran diyyar.

Wanda wannan aiki ya burge a cikinku, hanyar a nan gida ita ce ta kowane lauya: shekara biyar a jami'a, sannan shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda kusa da Kano da kuma Yola. Ajin adabi za a sa ku, amma kada ku yi sallama da lissafi da kimiyya a ƙofar SS1, domin rahoton masu binciken hatsari cike yake da zane da alƙaluma, kuma lauyan kamfani ya karanta shi tas. Abu na farko da za a koya muku a wannan fanni shi ne duba kalanda: a ƙarƙashin yarjejeniyar, iyalan da suka bari shekara biyu ta wuce ba su shigar da ƙara ba, haƙƙinsu na neman diyya ya faɗi.