Matatar ruwan kifi da duro: yadda ake haɗa ta a gida

A shirin wannan mako mun amsa tambayar masu kiwon tarwaɗa a cikin tanki, daga Garou zuwa Malanville har tsallaken gada a Gaya: me ya sa kifi ke mutuwa alhali ruwan fes yake a ido?

Ga abin da ke faruwa. Kifi yana fitar da guba mai suna amoniya ta wurin da yake numfashi, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su ƙara ta. A kogin Kwara ruwa na tafiya da ita. A tankinka kuwa taruwa take, kuma ba ta da launi. Lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwa ya yi zafi, ta fi illa. Sai ka ga kifi ya bar cin abinci, daga nan asara.

Maganinta ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Kashi na farko suna mai da amoniya naitirayit, ita ma guba ce. Kashi na biyu su mai da wannan naitireti, mai sauƙin illa, wadda taki ce ga shuka. Aikinka shi ne ka gina musu gida.

Nemi duron roba mai lita 200, wanda wasu ke kira tano. Kada ya zama an taɓa zuba masa maganin feshin auduga ko fetur, komai arahar sa. A samansa sa soso ko tsohuwar koma don tare datti. Ƙarƙashinta ka cika da marafan gorar roba, fasassun tukwanen ƙasa da tsakuwa wankakkiya. A jikinsu ƙwayoyin ke manne. Gidan sauro mai magani fa a'a, kashe kifi yake. Ɗora duron sama da tanki, ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana ya tura ruwa ta tiyo zuwa kansa, ya tsiyayo ta ƙasa ya koma. A so ruwan tankin duka ya ratsa duron kamar sau ɗaya a awa, yana yayyafi, don ƙwayoyin nan da iska suke rayuwa.

Sai haƙuri. Mako 4 zuwa 6 suke ɗauka kafin su yawaita. Ka fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan. In maƙwabcinka na da matata mai aiki, roƙi hannu ɗaya na tsakuwarsa ka zuba a taka. Makiyayi ya san wannan dabara: da ɗan tsohon nono ake kwantar da sabuwar madara.

Ka ɗauki matatar nan tamkar dabba a garkenka. In ta bushe, ta mutu. In famfo ya tsaya awoyi da yawa, iska ta ƙare mata, don haka batir na dare yana da amfani. Wankinta da ruwan tankin ake yi, a hankali, ba da sabulu ko ruwan da aka sa wa kulorin ba, kuma ba duka a rana ɗaya ba. Soson sama ne kawai ake yawan wankewa.

Duk mako ka rage ruwan tankin kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, ka ƙara sabo. Wanda ka cire kada ka zubar. Kai shi fadamar albasa. Kai kuma ɗan kasuwa da ke yin kwana biyu a hanya, bar wa na gida magana ɗaya: famfo kada ya tsaya, abinci kada ya wuce abin da kifi zai cinye nan take.

Allah ya ba da sa'a. Sai mako mai zuwa.