Shirin Babur da Walwalar Mahayi a Tafiya Mai Nisa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake daidaita babur da jikin mahayinsa kafin tafiya mai nisa. An dubi mazauni da kan babur da mataki, da shokozoba da taya da sarƙa, da ɗaurin kaya, da sutura, da tsarin hutu. Maƙalar ta nuna cewa jin daɗin zama a kan babur wani ɓangare ne na tsaron rai, domin gajiya ita ke rage hankalin mahayi tun kafin hatsari ya auku.

1.0 Gabatarwa

Babur ya daɗe da zama abin hawan yau da kullum a ƙasar Hausa. Galibin baburan da ake gani, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da TVS, ƙanana ne masu inji daga cc 100 zuwa 150, waɗanda iska ke sanyaya su. An fi saninsu da zirga-zirgar gari da ta ƙauye, amma akwai fatake da 'yan cirani da masu ziyarar dangi da ke yin doguwar tafiya a kansu. Akwai kuma masu hawa don yawon buɗe ido. Baturen Ingila Ted Simon ya zagaya duniya daga 1973 zuwa 1977 a kan babur ƙirar Triumph mai cc 500. A 2022 ɗan Nijeriya Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a watan Afirilu a kan Honda CB500X, ya iso Legas a ƙarshen watan Mayu, domin tara gudummawar yaƙi da shan-inna.

Abin da ya bambanta irin wannan tafiya da hawan cikin gari shi ne tsawon lokaci. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu ta kai kimanin kilomita 560. Mai tafiya a gudun kilomita 50 cikin sa'a zai shafe fiye da sa'a 11 a zaune, ban da tsaye-tsaye. Ƙaramar matsalar da ba a ji a tafiyar minti 20, kamar kujera mai tsini ko kan babur da ya yi nisa da kafaɗa, takan zama azaba a sa'a ta biyar.

2.0 Wurare Uku da Jiki Ke Haɗuwa da Babur

Mahayin doki yana haɗuwa da dokinsa a wurare uku: sirdi da likkafa da kamazuru. Haka abin yake ga babur, inda kujera ta maye gurbin sirdi, mataki ya maye gurbin likkafa, kan babur kuma ya maye gurbin kamazuru. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ukun ita ke yanke yadda baya da gwiwa da wuyan hannu za su kasance tsawon yini.

2.1 Kujera

Nauyin mai zaune yana sauka ne a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai. Idan kujera ta yi siriri, nauyin zai taru a ƙaramin wuri, jini ya kasa gudana yadda ya kamata, sai zafi da sagewa su biyo baya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa soso mai laushi shi ne magani, alhali soso mai laushi sosai yakan lotse cikin ɗan lokaci, mahayi ya koma zaune a kan farantin da ke ƙasa. Abin da ya fi dacewa shi ne kujera mai faɗi a baya, mai soso mai ɗan tauri, wadda ba ta gangaro da mutum kan tanki. Matafiya a ƙasashe da dama suna shimfiɗa fatar tunkiya mai gashi a kan kujera, wato abin da Bahaushe ya sani da buzu, domin tana barin iska ta ratsa, tana kuma rage gumi da gogayya. Sharaɗinta a ɗaure ta tamau kada ta riƙa zamewa.

2.2 Kan Babur

Idan mahayi ya zauna ya kama kan babur, ya kamata gwiwar hannunsa ta ɗan lanƙwasa, kafaɗunsa su sauka, bayansa ya miƙe tare da ɗan karkata gaba kaɗan. Hannun da ya miƙe sambal yana kai kowane bugun rami kai tsaye zuwa kafaɗa da wuya. A yawancin babura ana iya sassauta ƙusoshin da ke riƙe da kan, a juya shi gaba ko baya, sannan a ɗaure. Haka nan hannun birki da na kuloci: a juya su har yatsu su sauka a kansu ba tare da wuyan hannu ya karye sama ko ƙasa ba. Bayan kowane gyara, a juya kan zuwa ƙarshen dama da ƙarshen hagu, a tabbatar waya ba ta ɗame ba, totur kuma yana komawa da kansa.

Girgizar inji ita ce ke kashe yatsu a doguwar tafiya. Tana ƙaruwa idan an matse hannu da ƙarfi ko an tilasta wa ƙaramin inji gudun da ya kusa ƙurewarsa. Sassauta riƙo, da sa safar hannu, da canza robar hannu idan ta cinye, duk suna rage ta.

2.3 Mataki

Gwiwar da ta lanƙwashe fiye da kima takan yi tsami, musamman ga dogon mutum a kan ƙaramin babur. Ƙara kaurin kujera kaɗan yana buɗe gwiwa, muddin ƙafa za ta ci gaba da kai ƙasa a tsaye. Ana kuma daidaita tsayin giya da birkin ƙafa yadda za a taka su ba tare da ɗaga ƙafa daga mataki ba.

3.0 Shokozoba da Taya da Sarƙa

An ƙera shokozoba domin ya yi aiki sama da ƙasa: ya lotsa idan taya ta hau tudu, ya miƙe idan ta faɗa rami. Saboda haka ake so nauyin mahayi da kayansa ya cinye kusan kashi 1 cikin 3 na iyakar lotsawarsa, sauran ya rage wa hanya. Ana gane haka da awo biyu daga ƙusar tayar baya zuwa wata alama a jikin babur, na farko taya na reto, na biyu mahayi na zaune da kayansa. Idan bambancin ya yi yawa, sai a ƙara matse sifirin. Ƙananan babura masu shokozoba biyu a baya suna da matakan matsewa, kuma wajibi ne a sa duka biyun a mataki ɗaya. Baburin da bayansa ya durƙushe yakan buga ƙarfe a kowane rami, gabansa ya yi sakayau, fitilarsa ta riƙa haska sama maimakon hanya.

Iskar taya ana auna ta ne da safe kafin a tashi, domin zafin tafiya yana ƙara ta. Adadin da ya dace yana rubuce a littafin babur ko a jikinsa, kuma akan ƙara wa ta baya idan an ɗauki kaya ko mutum. Ƙarancin iska yana zafafa taya, ya cinye gefenta, ya ƙara cin mai. Yawanta kuma yana rage riƙon ƙasa, ya sa kowace tsakuwa ta iso ƙugun mahayi.

Sarƙa, wadda makanikai ke kira cen, tana buƙatar ɗan sako-sako, galibi santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Idan ta ɗame takan hana shokozoba sakewa, ta kuma ci haƙoran da take gudu a kansu. Idan ta saki da yawa tana iya zamewa ana cikin gudu. Kafin tashi a canza baƙin mai, a duba fulogi da birki da fitilu, a wanke matatar iska. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙurar da ke tasowa daga yankin Bodele na Chadi ta rufe sararin ƙasar Hausa, matatar iska takan toshe da wuri.

4.0 Ɗaurin Kaya

Mai jaki ya san cewa mangala ba ta zama sai ɓangarorinta biyu sun yi daidai. Wannan ƙa'ida ita ce ta kayan babur. Abu mai nauyi a sa shi ƙasa, kusa da tsakiyar babur, a raba shi daidai dama da hagu. Abu marar nauyi, kamar bargo da tufafi, shi ke hawa sama. Nauyin da aka ɗora can ƙarshen kariya, bayan ƙusar tayar baya, yana ɗage nauyi daga tayar gaba, sai kan babur ya riƙa rawa idan gudu ya ƙaru. Jakar goyo mai nauyi ma tana gajiyar da kafaɗa, don haka gara a ɗaure ta a kujerar baya, inda za ta zama majingina. A nisanta kaya daga salansa, kuma kada a bar bakin igiya yana lilo kusa da taya. Kayan gyaran da ba a barin su a gida su ne sifana da fulaya da sukundireba da fulogi da kayan faci da ƙaramin famfo.

Mai ma yana buƙatar lissafi. Misali, idan tanki na lita 10 ne, babur kuma yana cin lita 1 a kilomita 40, iyakarsa kilomita 400 ke nan a takarda. Kaya da iskar gaba da yashi suna rage wannan, saboda haka mai hankali yakan cika tanki tun bai kai rabi ba a hanyar da gidajen mai ke da nisa.

5.0 Iska da Zafi da Sutura

Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: idan gudu ya ninka 2, ƙarfin iskar da ke dukan ƙirji ya ninka 4. Wuya da hannuwa su ke biyan wannan farashi. Ƙaramin gilashin kariya a gaban babur yana ɗauke iskar daga ƙirji. Ƙarar iska a cikin hula ma, a babban gudu, takan wuce desibel 85, wato iyakar da masana lafiyar aiki suka ƙayyade wa sa'a 8, shi ya sa masu manyan babura ke sa matoshin kunne.

A bazara zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Agadas. Idan iska ta fi fatar jiki zafi, ƙara wa jiki zafi take yi, tana kuma busar da gumi da sauri har mutum ya rasa ruwa bai sani ba. Rufe jiki da Buzaye ke yi a sahara ya yi daidai da wannan ilimi. Sai dai tufar mai babur ba ta son yalwa, domin bakin babbar riga ko mayafi na iya shiga sarƙa ko wayoyin taya. Riga mai dogon hannu da wando mai kauri da takalmi mai rufe idon sawu su suka dace. A hunturu kuwa, sanyin asuba yana daskarar da yatsu, sai a sa tufafi hawa-hawa a riƙa ragewa yayin da rana ke ɗagawa.

Hular kwano ita ce kan gaba. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, da raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta a Nijeriya a Janairun 2009. Hular da ta yi yawa takan yi rawa ta gajiyar da wuya, wadda ta matse kuma ta jawo ciwon kai. Wadda ba a ɗaura maɗaurinta ba takan fice tun kafin kai ya kai ƙasa.

6.0 Tsarin Hutu

A gudun kilomita 50 cikin sa'a babur yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa 3 yana nufin mita 42 ba tare da matuƙi ba. Saboda haka ya kamata a tsaya bayan kowace sa'a 1 zuwa 2, a sauka, a taka, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba. Tsayawar tana amfanar inji mai sanyaya da iska kamar yadda take amfanar mahayi. Tashin sassafe da yada zango a tsakar rana, wanda shi ne tsarin ayarin fatake tun da can, ya fi tafiyar dare, lokacin da ramuka da dabbobi da motoci marasa fitila ba sa ganuwa. Ya kuma kamata a bincika dokar kowane yanki kafin tashi, domin wasu jihohin Nijeriya da wasu sassan Nijar, kamar Diffa da Tillaberi, sun taɓa taƙaita hawan babur saboda tsaro.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa yawancin abin da ke sauƙaƙa doguwar tafiya a babur gyare-gyare ne marasa tsada: juya kan babur, daidaita hannun birki, matse sifirin, auna iska, raba kaya, da zaɓen sutura. Ya kamata a yi su tun da sauran kwanaki, ɗaya bayan ɗaya, a gwada kowanne da tafiyar sa'a 2 ɗauke da kayan da za a tafi da su, domin a san wanda ya yi amfani. Ga masu nazarin Hausa kuwa, akwai fage a buɗe: tattara kalmomin makanikai da mahaya babur daga Kano zuwa Damagaram, da kwatanta su da na kayan doki, kafin a rubuta littattafan koyar da tuƙi da Hausa. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa, kuma ga mai babur wannan magana lissafi ce ta gudu da hutu da lafiyar jiki.