Janar Piet Cronje: Daga Fagen Fama Zuwa Tsibirin Sant Helena

Kafin a shiga tarihin wannan soja, ya dace a fara sanin su wane ne Bowa. Su ne jikokin Turawan da suka zauna a kudancin Afirka tun ƙarni na 17, galibinsu 'yan asalin ƙasar Holan. Ma'anar sunan a harshensu ita ce manomi. Da mulkin Ingilishi ya ishe su a yankin Kef, sai da yawansu suka nausa arewa, suka kafa ƙasashe biyu, Taransibal da Orenj, a kan filayen da suka ƙwace daga hannun baƙar fata. Saboda haka malamin da zai koyar da wannan darasi ya kula kada ɗalibansa su ɗauki yaƙin Bowa da Ingilishi a matsayin yaƙin neman 'yancin Afirka. Rikici ne tsakanin Turawa iri biyu a kan ƙasar da ba tasu ba.

An haifi Piet Cronje a shekarar 1836 a yankin Kef, ya kuma tashi a Taransibal. Ya fara yin suna a yaƙin farko na 1880 zuwa 1881, inda ya yi wa sojojin Ingila ƙawanya a garin Potchefstroom har suka miƙa wuya. A watan Janairu na 1896 kuma shi ne ya tare Dokta Jameson da mayaƙansa a Doornkop, lokacin da suka kutsa Taransibal da nufin kifar da gwamnatin Shugaba Paul Kruger.

Da yaƙi na biyu ya ɓarke a watan Oktoba na 1899, an damƙa masa rundunar yamma. A ranar 11 ga Disamba ya karya rundunar Lord Methuen a Magersfontein. Dabarar haƙa ramuka a gindin duwatsu maimakon hawa samansu, wadda ta kawo wannan nasara, ta Janar De la Rey ce, amma yabon ya tafi ga Cronje.

A nan ne halinsa ya fito fili. Cronje mutum ne mai tsayawa wuri guda ya kafe. Ya saba tafiya da ɗaruruwan amalanken shanu, har da matan wasu mayaƙa da 'ya'yansu. Wannan tsari ya yi masa rana muddin abokan gaba suna tunkarar sa gaba da gaba. Amma a watan Fabrairu na 1900 Lord Roberts ya zagaye shi da dawakai, aka buɗe hanyar garin Kimbali. Cronje ya ja da baya da ayarinsa mai nauyin tafiya, aka cim masa a Paardeberg, bakin kogin Modder. Ya haƙa ramuka a gaɓar kogin ya daure wa ruwan igwa na kusan kwana goma. Dabbobinsa suka mutu, wari ya cika sansanin. Janar De Wet ya aiko masa da ya bar kaya ya fasa zoben da dare, hakan ba ta yiwu ba. Ranar 27 ga Fabrairu ya miƙa wuya tare da mutum wajen 4,000. Abin da ya ƙara wa Bowa takaici shi ne, a irin wannan rana ce a 1881 suka ci Ingilishi a dutsen Majuba.

An kai shi tsibirin Sant Helena, can tsakiyar tekun Atilantika, inda aka taɓa tsare Napoliyon na Faransa da kuma Dinuzulu, sarkin Zulu. An ba shi gida ya zauna da matarsa, alhali mayaƙansa suna cikin tantuna. Bai dawo gida ba sai bayan sulhun da aka ƙulla ranar 31 ga Mayu, 1902.

Mutanensa ba su tarbe shi da murna ba, domin da yawa sun ɗora masa laifin karyewar gwiwar da ta biyo bayan Paardeberg. A 1904 ya tafi Amurka, inda a bikin baje koli na birnin Sant Luwis ya riƙa fitowa cikin wasan kwaikwayon yaƙin, yana maimaita miƙa wuyansa a gaban 'yan kallo masu biyan kuɗi. Wannan ya ƙara zubar da girmansa a idon Bowa. Ya rasu a Taransibal a watan Fabrairu na 1911.